Itace, Hannu da Ƙwaƙwalwa: Sassaƙa da Itatuwan Ƙamshi a Ƙasar Malumfashi



GABATARWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Malumfashi, ko Funtuwa, ko Bakori, ko Ƙafur, ya san amon taɓarya a cikin turmi tun kafin ya san sunansa. Da ya isa shiga makaranta allo aka miƙa masa. Da ya isa zuwa gona ƙotar fartanya ce ta fara yi masa kanta a hannu. Tuwon da ya girma da shi da muciya aka tuƙa shi, kuma idan gidan na dattawa ne, a akushi aka kai wa maigida nasa. Waɗannan kayayyaki duka daga hannun mutum ɗaya suka fito, watau masassaƙi. Amma a cikin ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a wannan zaure, da wuya a sami mutum goma da za su iya faɗin sunan itacen da aka sassaƙa turmin gidansu da shi, ko dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne ta duba abubuwa uku waɗanda a ido ba su da dangantaka da juna. Na farko shi ne sana'ar sassaƙa. Na biyu shi ne wasannin wasa ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda ake ƙerawa da itace. Na uku shi ne itatuwan ƙamshi da ake turare da su. Abin da ya haɗa su shi ne bishiya, kuma bishiyar tana ƙarewa. Idan ta ƙare, aikin hannun da ke rataye da ita zai bi ta, kalmomin da ake kiran aikin da su kuma za su fita daga bakin mutane.

ƘASAR DA ITATUWANTA

Kudancin Jihar Katsina ya bambanta da arewacinta ta fuskar damina. A wajajen Funtuwa ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, abin da ya ɗara na birnin Katsina da nisa. Saboda haka ƙasar ta zama ta auduga, da dawa, da masara, ta kuma zama ta manyan itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, kirya, maɗaci, marke, kanya, ɗinya, maje, tsamiya, rimi da kuka. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, tana tsakiyar wannan yanki.

Manomin dauri yana da ƙa'idarsa game da waɗannan itatuwa. Idan zai yi sassabe, yakan bar ɗorawa domin kalwa da daddawa, ya bar kaɗanya domin man kaɗe, ya bar gawo domin yana kaɗe ganyensa da damina, bai hana shuka rana, ganyen kuma taki ne. Ke nan gonar Bahaushe ta asali gona ce mai itatuwa a cikinta.

Abubuwa da dama sun sauya wannan tsari. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙaura Namoda a 1929, noman auduga domin sayarwa ya bunƙasa, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa gundumomin Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari, ya kuma yaɗa takin zamani da noman masara. Babu mai musun amfanin da aka samu. Sai dai garmar shanu da tarakta ba sa shiri da kututture, don haka tumɓuke shi ake yi, kuma itacen da aka tumɓuke ba ya sake tohowa. A kan wannan sai ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, ga ƙaruwar jama'a, ga fataucin itacen girki da gawayi zuwa birane. A shekarun da suka biyo bayan 2010 kuwa rashin tsaro a dazuzzukan yammacin jihar ya sa shiga daji neman itace ya zama kasada ga rai.

MASASSAƘI DA AIKINSA

Ya kamata a bambanta masassaƙi da kafinta. Kalmar kafinta ararriya ce daga Ingilishi, kuma aikinsa shi ne ya haɗa fallayen katako da ƙusa ko da gam su zama ƙyaure, ko tebur, ko gado. Masassaƙi kuwa gungume ɗaya yake ɗauka, ya yi ta ragewa har abin da yake nufi ya fito. Kafinta idan ya yi kuskure yana iya ɓamɓare ƙusa ya sake. Masassaƙi idan ya zarce da sara, to, ya zarce ke nan. Saboda haka tilas ne ya ga turmin a cikin zuciyarsa tun gungumen yana kwance. Wannan iya ganin siffa tun ba ta samu ba, shi ne babban jarin masassaƙi, kuma za a sake komowa kansa nan gaba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Da gatari yake kayar da itace ya datsa shi. Da gizago yake sassaƙe bayansa ya fid da siffa. Da kurfi yake rarake cikin turmi ko akushi. Da wuƙa yake kankarewa ya gyara. Dukkan waɗannan maƙeri ne ya ƙera su, shi kuma maƙerin daga wurin masassaƙi yake samun ƙota, kuma gawayin kirya yake nema domin zuga wutarsa. Sana'o'in gargajiya haka suke, kowace tana jingine da 'yar'uwarta.

Ilmin masassaƙi na gaskiya yana wajen zaɓen itace. Kirya tana da nauyi da tauri, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa ake son ta a turmi da taɓarya, kayan da za su sha duka shekara da shekaru. Marke yana da ƙarfi da juriya, sai ya dace da ƙota. Danya tana da sauƙin sara, ana yin akushi da ita, a babbake bayansa ya yi baƙi, a shafe shi da mai. Alilliba ba ta da nauyi kuma tana ba da amo, shi ya sa ake neman ta wajen sassaƙa ganguna da kalangu. Aduwa tana da lallausan jiki mai haske wanda ke karɓar tawada ya kuma jure wanki, don haka ta shahara wajen yin allo. Ita kanta kalmar allo daga Larabci ta zo, amma itacen da hannun da ya sassaƙa shi na gida ne.

Yau injin niƙa ya rage wa turmi aiki, kwano da roba da kula sun kori akushi daga yawancin gidaje, kujerar roba ta shiga har ƙauyuka. Masassaƙi bai mutu ba, domin har yanzu ba a kai amarya ba turmi, kuma ba a noma ba ƙota. Amma ɗansa da ya yi boko da wuya ya ɗauki gizago.

SANA'A, WASA, DA ABIN DA KE TSAKANINSU

A tunanin Bahaushe sana'a ita ce abin da mutum yake ci da shi, wasa kuwa na yara ne. Masanin halayyar al'umma M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a 1959 cewa Hausawa suna raba masu sana'a gida biyu: karda, watau wanda ya gaji sana'ar, da shigege, watau wanda ya shigo ta da rana tsaka, kuma na farko ya fi daraja a idon jama'a. To, a ƙarƙashin irin wannan tunani, idan aka ga akawu ko malamin makaranta ya taso daga aiki ya zauna yana feƙe itace, ba domin ya sayar ba, sai a ce ko dai talauci ya kama shi, ko kuwa ya rasa abin yi.

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, akwai dubban mutane masu irin wannan hali. Likita ne, ko injiniya, ko ɗan fansho, yana da ɗan ɗaki a bayan gida inda yake ajiye zarto da madoshi. Idan ya sami sarari sai ya shiga ya ƙirƙiro abin wasa ƙwaƙwalwa na katako, ya ba abokansa su gwada warwarewa. Suna da ƙungiyoyi, suna taruwa su yi musayar abin da suka ƙera. Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da ke nufin wannan, amma ana iya kiransa aikin sha'awa.

Rashin kalmar bai nuna rashin ɗabi'ar ba. Malami yakan zauna a zaure yana ɗinkin hula yana sauraron karatun almajirai. Tsoho yakan tufka igiyar rama yana hira. Yaran Malumfashi kuwa, da an girbe dawa, sai su ɓare kara su ƙera mota da shi, da ƙafafunta masu juyawa, da ƙofa mai buɗewa, ba ƙusa, ba gam, sai tsinken bawon karan da ake sokawa a cikin totuwa. Yaron da ya yi wannan ya riga ya san awo, da daidaito, da yadda gaɓa ke riƙe gaɓa. Abin tambaya shi ne, ina wannan basira take zuwa bayan an sa shi makaranta?

WASA ƘWAƘWALWA A GIDA DA WAJE

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wasa ƙwaƙwalwa. Yana da kacici-kacici, yana da karin magana mai harshen damo, yana kuma da dara. A irin darar da ta fi yaɗuwa, akan haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. Da farko sukan dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su shiga matsar da su gurbi ɗaya-ɗaya, gaba, ko baya, ko gefe. Wanda ya jera uku a layi sai ya cinye ɗa guda na abokin karawarsa. Wasan yana bukatar hangen abin da zai faru bayan motsi uku ko huɗu, kuma ya shiga harshe har ana cewa dara ta ci gida idan makirci ya koma kan mai shi. Abin lura shi ne a ƙasa ake yin ta, iska ko tsintsiya ta share. Yarabawa kuwa sun ɗora wasansu na ayo a kan katako mai gurabu 12 da 'ya'ya 48, har ya zama abin ado da tsaraba.

Akwai kuma tambayar nan ta mutumin da ya zo bakin kogi da kura, da akuya, da damin harawa, ga shi kwalekwalensa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta. In ya bar akuya da harawa, ta cinye. Mafita ita ce ya fara ƙetarar da akuya ya komo, ya kai kura ya komo da akuya, ya ajiye ta ya kai harawa ya komo, sa'an nan ya ɗauko akuya. Ƙetarawa 7 ke nan. Irin wannan tambaya tana cikin wani tarin matsalolin lissafi da ake dangantawa da Alcuin, malamin fadar Sarki Sharlaman, wanda ya rasu a shekarar 804, sai dai a can kyarkeci ne da kabeji. Darasinta shi ne wani lokaci sai an koma baya kafin a ci gaba.

Abin da wasu al'ummomi suka yi shi ne sun mai da irin waɗannan tambayoyi abin da hannu zai taɓa. Ga misalai kaɗan.

Wajen shekarar 1766 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan siririn katako na dangin maɗaci, ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe, domin yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar mayar da kowace ƙasa gurbinta. Daga nan wasan haɗa yankakken hoto ya samo asali.

Daga ƙasar Sin aka sami tangaram, wanda ya isa Amurka da Turai tsakanin 1815 da 1817. Murabba'i ɗaya ne aka yanka gida 7: alwatika 5, ƙaramin murabba'i 1, da wani mai kusurwa huɗu a karkace. Da waɗannan guntaye ake fitar da ɗaruruwan siffofi na mutane, da dabbobi, da gidaje. Sinawa suna kuma da wani kulli na sanduna 6 masu tsaga, waɗanda ke sarƙewa da juna ba ƙusa ba gam, kuma ba a kwance shi sai an gano sandar da ke fara fita.

A 1883 wani masanin lissafi na Faransa, Édouard Lucas, ya fito da Hasumiyar Hanoi: turaku 3 da faya-fayai masu huda, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Ana so a kwashe su daga turke ɗaya zuwa wani, ɗaya-ɗaya, ba tare da an ɗora babba a kan ƙarami ba. Faifai 3 suna bukatar motsi 7, faifai 5 motsi 31, faifai 8 motsi 255. Duk faifan da aka ƙara sai aikin ya ninka har da ɗoriyar ɗaya. Ɗaliban ilmin kwamfuta a jami'o'i da wannan wasa ake koya musu yadda babbar matsala ke ƙunshe da ƙaramar irinta.

A 1933 Piet Hein na ƙasar Danmak ya ƙago Soma: ƙananan dunƙulen katako 27 masu fuska shida daidai wa daida, an manne su sun zama guntaye 7, shida masu huɗu-huɗu, ɗaya mai uku. Ana so a haɗa su su koma babban dunƙule guda, kuma an lissafa hanyoyi 240 na yin haka. Shi ma dunƙulen Rubik da ya game duniya, wanda Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine a Budafes, ya ƙago a 1974, samfurinsa na farko da katako aka yi shi.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kafintan Malumfashi. Guntayen katakon da yake zubarwa ko ya bayar a hura wuta sun isa. Wuyar aikin tana wuri biyu. Na farko awo, domin idan tsaga ta ɗara da kaurin farce, kullin zai yi sako-sako. Na biyu yanayi. Itace yana shan laima ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, ɗanye kuwa tsagewa yake yi. Abin da aka ƙera cif-cif a watan Janairu yana iya cijewa a watan Agusta ya ƙi fita. Masassaƙin gargajiya ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake busar da itace a inuwa. Nan ne ɗan boko mai takarda da ma'auni yake bukatar mai gizago.

ITATUWAN ƘAMSHI

Turaren wuta yana da babban matsayi a gidan Bahaushe, musamman a ɗakin amarya da na mai jego. An fi sanin matan Barno, Barebari da Larabawan Shuwa, da gwaninta a kansa, kuma daga wurinsu sana'ar ta bazu har ta zama hanyar samun kuɗi ga mata da yawa a cikin gidajensu. Yadda ake yi shi ne a sassare itace ƙanana, a jiƙa shi da turaruka, a haɗa da narkakken sukari domin ya riƙe ƙamshin, a ƙara da su farce da kajiji, sa'an nan a rufe a kwalba ya kwana biyu. In an tashi, sai a barbaɗa a kan garwashi a kasko.

Itatuwan da suka fi tsada a wannan sana'a baƙi ne. Sandal daga Indiya ya fi shahara, musamman ƙasar Maisur, inda Sarki Tipu ya mai da shi itacen sarauta a 1792. Ƙamshinsa yana cikin zuciyar itacen, kuma sai bishiyar ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi abin kirki. Itacen udu kuwa, wanda alhazai kan yo tsarabarsa, daga kudu maso gabashin Asiya yake fitowa. Bishiyar lafiyayya ba ta da ƙamshi. Sai ta ji rauni, wata cuta ta shige ta, sa'an nan take fid da baƙin ƙaro domin kare kanta, wannan ƙaron da ya jiƙa itacen shi ne udu. Saboda yawan sararta, tun 1995 aka sa babban nau'inta cikin jerin tsirran da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido a kan cinikinsu.

Amma ƙasar Hausa tana da nata. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, yana fitowa a kan duwatsu, ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda, kuma ɗan'uwa ne na jini ga bishiyar lubban ta Oman da Yaman da Somaliya. Ƙaronsa yana da ƙamshi idan an ƙona. Sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Dashi, wanda ake shinge da shi, dangin bishiyar mur ne. Maje yana fid da ƙaro wanda aka daɗe ana turara tufafi da ɗakuna da shi. Jema kuwa ciyawa ce ta fadama mai saiwa mai ƙamshi. Abin takaici ne a ce mai haɗa turare a Funtuwa ta san farashin sandal na Indiya, amma 'yarta ba ta iya nuna hano a kan dutse.

Itacen ƙamshi da abin wasa ƙwaƙwalwa suna haɗuwa a hannun mai aikin sha'awa. Yakan zaɓi itace saboda launinsa da ƙamshinsa, ya ƙi shafa masa fenti, ya goge shi da ɗan mai kawai. Sa'an nan ɓarɓashin da ya zuba bai zama shara ba, domin mai turare tana bukatarsa.

DARASI DAGA MADOBIYA DA MARAƊI

Madobiya itace ne mai jan ciki da ɗan ƙamshi, makiyaya suna sassabo ganyensa domin dabbobi da rani. Da kasuwar kayan ɗaki na alfarma a ƙasar Sin ta juyo kansa, sai aka far masa daga Senegal har Nijeriya, inda Jihar Taraba ta fi jin jiki. A watan Janairu na 2017 ya shiga jerin CITES, a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya, a 2022 kuma aka faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da yake fitowa. An fitar da shi gungume-gungume, watau an sayar da shi a mafi arhar siffarsa, ribar sassaƙa ta tafi wata ƙasa. Haka ya taɓa faruwa ga sandal na tsibiran Hawai, wanda fatauci ya ƙarar da shi kafin 1840. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Darasi na biyu mai faranta rai ne, kuma daga maƙwabta ya fito. Tun daga 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai. Maimakon a sare tohon duka a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani, ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Idan ƙasar da ruwanta bai kai na Malumfashi ba ta yi haka, ba a ga abin da zai hana Malumfashi ba.

SHAWARWARI

Na farko, ga ɗaliban Hausa. Duk mai neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, ya je ya zauna da masassaƙan garinsu. Ya rubuta sunan kowane makami, da kowane sashe na turmi, da kowane irin sara, da sunan kowane itace a karin harshen wurin. Itace ɗaya ma yana iya samun sunaye da yawa: abin da Bakatsine ke kira bedi, shi wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro. Haka kuma a rubuta dokokin dara da kalmominta daga bakin tsofaffi tun suna raye.

Na biyu, ga ma'aikatan ilmi. Koyar da aikin hannu a makarantar boko ba sabon abu ba ne, domin makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya yi niyyar farfaɗo da wannan, amma injinan da aka sayo daga waje da yawansu sun lalace a cikin akwatuna saboda rashin lantarki da malamai. Tangaram da Hasumiyar Hanoi ba sa bukatar lantarki. Kafinta ɗaya zai iya yi wa aji guda a cikin mako, kuma taswirar ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina tana iya zama yankakken katako a hannun ɗan firamare.

Na uku, ga ma'aikatan gandun daji da na gona. Dashen bedi da turare yana da kyau, amma a sa kirya, da maɗaci, da aduwa, da madobiya, da hano a cikin wuraren renon itatuwa, a kuma koya wa manoma barin toho. Mai sayen gungume a tambaye shi inda ya samo.

Na huɗu, ga kowane ma'aikaci da ɗalibi. Ya nemi ƙaramin zarto da wuƙa, ya roƙi guntayen katako, ya gwada haɗa dunƙule 27. Kada ya ji kunyar a kira shi shigege, domin kakan kowane karda shigege ne. Ya kuma sa 'ya'yansa kusa, tun da itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

Wannan lacca ta yi ƙoƙarin nuna cewa masassaƙi, da ɗan dara, da yaro mai motar kara, da mai haɗa turaren wuta, duk suna riƙe da ilmi wanda makaranta ba ta ba shi matsayinsa ba, kuma ilmin nan yana tsaye ne a kan itatuwan da ke raguwa a gonakin Malumfashi da Funtuwa. Kirya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa turmi. Wanda ya bar tohonta a gonarsa bana mai yiwuwa ba shi zai sare ta ba, jikansa ne zai kai amarya da turminta. Abin da ake roƙo ga masu sauraro shi ne, idan sun koma gida hutu, su tambayi sunan itacen turmin gidansu, su rubuta, sa'an nan su bincika ko akwai sauran irinsa a tsaye a gonar gidan.